Ƙwanƙwasa daga Ƙasan Jirgin Mabry

Virgil Sizemore bai taɓa zuwa taron tsofaffin ma'aikatan jirginmu ba, ko sau ɗaya. Mu dai duk shekara sai mun haɗu a wani otal, mu cika ciki da nama, mu yi ta cika baki kan abin da rabinsa ba mu yi ba. Shi kuwa yana can cikin duwatsun Kentucky yana jan motar kwasar kwal, da ƙarfinsa ya fara ja baya ya koma kiwon zuma. A can ya mutu, a kan gadonsa, da furfura fal ka. Na je jana'izar. Fasto ya faɗi alherinsa da yawa, kuma duk gaskiya ne, sai da ya zo wajen cewa marigayi mutum ne da bai san tsoro ba. Saura kaɗan in miƙe a cikin cocin nan in ce masa ƙarya yake yi. Ni na zauna da Virgil a jirgi ɗaya, kuma ban taɓa ganin wanda tsoro ya zauna wa a jiki kamarsa ba.

An haife shi a unguwar mahaƙa kwal, a ɗaya daga cikin gidajen katakon nan na kamfani, waɗanda ba ka bambanta naka da na maƙwabci sai da wankin da aka shanya a ƙofa. Yana ƙarami rufin rami ya rufta, ya datse wa babansa da wasu mutum huɗu hanyar fita. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi a cikinsu. Masu ceto suka ji suna ƙwanƙwasa bututu, suka amsa musu, aka kafa injin huda a saman dutse don a kai musu iska kafin a tono su. Hudar ce ta yi nawa. Da aka isa gare su sai aka tarar da su zaune a jere, sun jingina da bango, kowa da kwanon abincinsa a gefe, babu mai rai a cikinsu. Tun daga nan Virgil ya riƙe abin da kowane ɗan unguwarsu ya riƙe: in ka ji ƙwanƙwasa ka amsa, in ka amsa kuma ka kai iska kafin komai, don ba dutse ne ke kashe wanda rami ya rufe ba.

Da ya girma shi ma ramin ya shiga, don babu wani aikin a wajen. Nasa shi ne kafa katakon da ke tokare rufi. Ya iya ƙwarai, amma kullum da faɗuwar gaba yake shiga, da ita yake fita. Da yaƙi ya zo sa'o'insa suka tafi sojan ƙasa, shi ya zaɓi na ruwa. A tunaninsa ma'aikacin jirgi kullum yana sama yana shan iska, babu abin da zai rufto masa a ka. To, hukuma ta tambaye shi abin da ya iya, shi kuma bawan Allah ya faɗi gaskiya. Suka ce madalla, dama irinsa suke nema. Suka tura shi can ƙasan jirgi cikin masu toshe ɓaraka, inda ko taga babu, teku kuma yana sama da kansa.

Nan na same shi. Sunana Stan Wojcik, daga Toledo, kuma aikina in rataya waya a ƙirji, in karɓi umarni daga hafsan da ke sama in faɗa wa 'yan ƙungiyarmu, in mayar masa da abin da suka ce. Duk zagin da za a yi tsakanin sama da ƙasa ta bakina yake bi.

Sunan jirgin Mabry. An ƙera shi a gurguje a bakin kogin Columbia ana tsakiyar yaƙi, don kwasar sojoji a kai su bakin daga. Goggo muke kiransa saboda yawan nishi, ko yaya ruwa ya taɓa shi sai ya yi ta ƙara kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Sojoji sama da dubu muke lodawa a ɗakunan ƙasa, a gadajen tamfol hawa biyar, na sama hancinsa na gogar ƙarfe. Ga zafi, ga warin amai, ga na ƙafa. Mun kwashe su daga San Francisco zuwa Hawaii, zuwa New Guinea, zuwa Leyte, mu sauke su da ƙafafunsu mu ɗauko wasunsu a kwance. Bayan yaƙi shi ya yi ta jigilar mayar da su gida, sannan aka ɗaure shi a wani lungun ruwa ya yi shekaru yana tsatsa, ƙarshe 'yan gwangwan suka yanyanka shi. In tarihin Mabry kake so a taƙaice, to shi ke nan, kuma haka ake ba da shi a taronmu. Ni kuwa duk lokacin da aka ambaci jirgin, ɗaki na uku nake gani.

Duk inda Virgil zai shiga a cikin jirgin nan sai ya ɗaga guduma ya ɗan bubbugi rufi, ya kasa kunne, yadda ake gwada rufin rami. Mu kuma mun sami abin yi.

"Kai Baƙauye, me Goggo ta ce maka yau?" in ji ni.

"Ta ce in gaya maka ka yi wanka, Toledo. Ta gaji."

"Ƙarfe ne fa, mutumina. Ba ya ruftawa."

"Haka babana ya ce da dutse."

Daga nan wasa ya mutu, kowa ya kama gabansa. Ko abinci a tsaye yake ci, kusa da tsani, ido na kan hanyar fita.

Shugabanmu Oga Bascom ne, tsohon sojan ruwa mai wuyan bijimi, wanda jirgi ya taɓa nutsewa da shi ya fito. Karatunsa ɗaya ne, kullum shi yake maimaitawa har muka haddace.

"A jirgi, ɓaraka toshe ta ake yi. Ƙofa kuma in an rufe ta, an rufe. Ko uwarka ce a bayanta."

Rannan Virgil ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Oga, in da mutum a ciki fa?"

"In da mutum a ciki, da mutum dubu a waje. Akwai wata tambayar?"

Babu wanda ya ƙara tambaya. Amma na san maganar ba ta wuce wa Virgil ba.

A farkon shekarar 1945 muka shiga ayarin jiragen da za su kai sojoji gaɓar Lingayen, a tsibirin Luzon. Lokacin Japanawa sun fara abin nan na tuƙo jirgin sama da bam su faɗo da shi kan jirgin ruwa, matuƙi da komai. Wanda ke sama yana ganin abin da ke zuwa, ya harba, ya yi zagi, ko ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Mu na ƙasa kunne kawai gare mu. Manyan bindigogi in suka fara, abin yana nesa. In matsakaita suka karɓa, ya matso. In kuwa ka ji ƙananan nan masu ɓarin wuta ba tsayawa, to sai ka nemi abin riƙewa. Ban san wani tsoro da ya kai na tsayuwa cikin akwatin ƙarfe kana sauraron bindigogi suna ƙanƙancewa ba.

Ana gobe za a sauke sojoji, da hantsi, jiniya ta tashi. Muka tsaya a wurinmu, mu goma sha wani abu, kowa ya yi tsuru-tsuru. Manya suka fara, matsakaita suka karɓa, ƙanana suka ɓarke. Virgil na kusa da ni, leɓɓansa na motsi. Sai na ji kamar an ɗaga duniya an maka ta da ƙasa. Fitilu suka mutu, na bugi bango da kafaɗa, bakina ya cika da ɗanɗanon jini. Kafin in tashi muryar Laftanar Whitcomb, hafsan da ke kula da gyara, ta shigo kunnena.

"Ɗaki na uku, gefen hagu, an fasa mu a ƙarƙashin ruwa! Ku tafi yanzu!"

Ɗakin kwanan sojoji na can ƙasa hanyar fitarsa ɗaya ce, tsani ne da ke hawowa ta wata ƙofa a daɓen ɗakin da ke samansa, mai murfin ƙarfe. Muka isa da fitilun hannu muka tarar sojoji na bulbulowa daga ƙofar, wani ba riga, wani fuska duk jini, wani na kiran uwarsa, suna tattake juna. Muka yi ta fizgo su. A ƙarƙashinsu baƙin ruwa ne mai kaurin mai yake hawa tsanin, mataki bayan mataki, ba gaggawa. Da na ƙarshe ya fito Oga Bascom ya zura kai ya yi kira har sau uku. Ba amsa, sai ƙarar ruwa.

"Rufe," ya ce.

Virgil ne ke riƙe da murfin. Ya dubi Oga.

"Na ce ka rufe, Sizemore!"

Ya rufe, ya ɗaure maƙullan. Sannan ya shiga aikin da ya iya. Ya kafa katako a kan murfin ya tokare shi da rufi don kada ruwa ya ɗaga shi, ya jera wasu a jikin bangon da ya raba mu da ɗakin inji. Jirgi ya karkata hagu, komai da ke ƙasa ya gangara can. Ana cikin haka aka ce wuta ta kama a sama. Oga ya kwashi mutane ya bar mu mu biyu.

"Ku sa ido kan katakon nan. Kada wanda ya taɓa komai, kun ji ko?"

Bayan tafiyarsu wurin ya yi tsit, sai nishin ƙarfe. Ina tsaye ina jin sanyin ruwan ta tafin takalmina. Can sai Virgil ya ɗaga hannu.

"Yi shiru."

"Ban ce komai ba."

"Yi shiru, na ce!"

Sai na ji. Daga can kusurwar dama, gefen da ya ɗaga sama, a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Tsigar jikina ta tashi.

"Gado ne ya kwance yana bugun bango," na ce, don haka nake so ya zama.

"Gado ba ya hutawa ya saurara."

Ya rarrafa zuwa kusurwar, ya ɗaga guduma ya buga sau uku. Muka ɗauke numfashi. Daga ƙasa aka amsa, sau uku, ras. Da mutum a ciki, da ransa, kuma yanzu ya san mun ji shi.

Na danna waya, shiru, bugun ya tsinka layin ɗakin. Dole sai na hau hawa ɗaya na nemi inda zan jona. Da kyar na sami Laftanar Whitcomb, muryoyi goma na kiransa lokaci guda.

"Ranka ya daɗe, da mutum a ƙasan ɗaki na uku. Yana ƙwanƙwasawa."

"Ka tabbata?"

"An buga masa ya amsa."

"Wayyo Allah. To, kada a buɗe murfin nan, ko me za ku ji. Daɓen da kuke kai yana ƙasa da ruwan teku. In ruwa ya hau ɗakinku saura bangon inji kawai, in ya ci wannan kuma duk mun tafi. Sai gobe in an sauke kaya jirgi ya ɗago. Ina zuwa in na kashe wutar nan."

Sai gobe! Na sauko ina juya yadda zan faɗa wa Virgil. Tun ina kan tsani na ji wani fito siriri mai tsini, kamar butar shayi ta tafasa. Na tarar da shi a durƙushe, abin huda ƙarfe na hannu yashe a gefensa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya huda daɓen, 'yar huda da ba ta wuce kaurin ɗan yatsa ba. Fuskarsa kuwa, tunda na san shi ban taɓa ganin ta a sake haka ba.

"Toledo, zo ka ji! Ta kai! Iska ta kai musu!"

"Virgil, Laftanar ya ce kada a buɗe..."

"Wa ya buɗe murfi? Murfi na nan yadda yake. Iska kawai na ba su. Ji yadda suke murna!"

Ƙwanƙwasar ta canza. Ba uku-uku ba ce yanzu, bugu ne ba ƙaƙƙautawa, kamar ana dukan ƙofa da hannu bibbiyu. Na sa tafina a kan hudar. Iska ta doke shi da ƙarfi, mai ɗumi, mai warin mai da numfashin mutane.

"Fitowa fa take yi. Ba shiga take ba."

"Haka take yi a rami. Gurɓatacciyar ce ke fita tukuna."

Yana rufe baki Oga Bascom ya sauko, fuska baƙa ƙirin da hayaƙi. Ya tsaya cak a gindin tsani, ya karkata kai. Ban taɓa ganin tsoro a idon mutumin nan ba sai ranar. Ya yi tsalle ɗaya ya hankaɗe Virgil, ya danne hudar da diddigen takalminsa.

"Matoshi! Wojcik, matoshi da guduma, maza!"

Na miƙa masa, ya kafa ɗan katakon ya buga shi har ya nutse. Fiton ya ɗauke. Sannan ya juyo ya shaƙi wuyan rigar Virgil.

"Kai wane irin jaki ne? Wa ya ce ka huda?"

"Oga, iska... in ba a kai iska ba..."

"Nan rami ne? Nan ramin ubanka ne? Ba ka taɓa kifa kofi cikin bahon wanka ba? Iskar da ke ciki ita ta hana ruwa cikawa! Ita ta riƙe masa ruwan, ɗan banza, kai kuma ka buɗe mata hanya!"

Na ga maganar tana shigar Virgil a hankali, jini na barin fuskarsa. Oga ya sake shi. Sai a lokacin muka lura babu ƙwanƙwasa.

Virgil ya ɗauki guduma ya buga uku. Shiru. Ya sake bugawa. Shiru. Ni dai na jingina da bango, ina addu'ar da rabona da ita tun ina yaro. Ya buga na uku, ya kwantar da kunnensa a kan ƙarfen. Can, da kyar, aka amsa sau ɗaya.

Da Laftanar Whitcomb ya iso ya ji abin da ya faru bai yi faɗa ba, babu lokacinsa. Ya dubi matoshin ya ce tunda an riga an huda, a jawo tiyo daga injin iska a ɗaura a wurin, a tura iskar da ƙarfi ta danne ruwan. An ɗauki lokaci kafin a sami bakin da ya dace, a ɗaura ba tare da wata iskar ta ƙara tsira ba. Da injin ya fara turawa, amsar da ke zuwa daga ƙasa ta ɗan yi ƙarfi. Daga nan babu sauran abin yi sai jira.

A can ƙasa ba ka sanin rana ta faɗi ko ta fito. Virgil bai bar kusurwar nan ba. Jim kaɗan ya buga uku ya saurara, jim kaɗan ya sake. Jiniya ta tashi sau da yawa, bindigogi suka yi ta ƙanƙancewa a kanmu, duk bam ɗin da ya faɗa ruwa kusa sai katakon tokare su yi ƙara, ruwa ya tsatso ta gefen murfi. Kowa a ɗakin idonsa na kan tsani. Mutumin da ko abinci ba ya ci nesa da tsani kuwa, ga shi a kusurwar da ta fi ko'ina nisa da shi, ya ba shi baya. Jikinsa na kyarma, ina gani, amma bai matsa ba.

Na kawo masa kofi da burodi. Ya karɓi kofin ya riƙe, bai sha ba.

"Toledo, nawa na fitar?"

"Ina zan sani?"

"Taƙi ɗaya? Kamu ɗaya?"

"Yana amsawa ai. Ba ga shi kana ji ba? Sha kofinka."

Ya dubi ƙarfen. "Da fari ba hannu ɗaya nake ji ba."

"Amsa-kuwwa ce. Ƙarfe ne, haka yake yi."

"Na san amsa-kuwwa," ya ce, ya ajiye kofin ya ɗauki guduma.

Gari ya waye da rugugin manyan jiragen yaƙi suna luguden wuta a gaɓa. Muna ji ana sauke ƙananan jirage, takalman sojoji na bi ta kanmu, ƙugiya na ɗaga motoci da akwatunan harsashi. Duk abin da aka sauke, Goggo ta ɗan ɗago. Haushi ya ishe ni ranar, don gani nake da gangan suke nawa, na yi ta zagin masu ƙugiya ta waya har aka ce in rufe baki. Laftanar ya sa aka tura mai da ruwan sha zuwa tankunan hagu da na baya don kusurwarmu ta ƙara ɗagawa. Amsar daga ƙasa kuwa sai raguwa take. Uku ta koma biyu, biyu ta koma ɗaya, ɗayar ma sai an daɗe ana jira.

Sai da la'asar Laftanar ya auna ya ce daɓen ya haura ruwan teku. Oga Bascom da kansa ya riƙe wutar walda. Ya yanka nesa kaɗan da kusurwar, ana kwara ruwa don kada narkakken ƙarfe ya zuba wa na ciki, Virgil na ta bugawa don ya san muna nan. Da aka ɗaga faifan ƙarfen wani wari ya bugo mu. Na haska fitila. Baƙin ruwa ne, tsakaninsa da rufin bai fi tsawon hannu ba, tsummoki da takalma na yawo a kai. Sai wata fuska ta shigo cikin hasken, idanu a runtse.

Muka jawo shi. Kofur ne, sunansa Lucero, daga New Mexico. Fatarsa ta yi fari ta yamutse, yatsunsa sun ƙage a kan wani kofin ƙarfe da ya lotse saboda bugu, sai da aka ɓamɓare su. Aka lulluɓe shi da bargo, aka ɗiga masa ruwa a baki. Oga ya ce a kai shi wurin likita, Lucero ya girgiza kai.

"A fito da su tukuna."

"Su wa?" in ji Laftanar.

"Pruitt da Kowalik. Na ɗaure su da bel a jikin sarƙar gado, kada ruwa ya tafi da su."

Muryarsa a dishe take, amma a ɗakin nan ko allura ta faɗi sai an ji.

"Mu uku ne. Pruitt ƙafarsa ta karye, Kowalik kuma ba ya iya ɗaga kai. Na ɗora su a gadon sama, ruwa bai kai nan ba. Lafiya lau muke. Da kuka amsa mana har dariya Pruitt ya yi, ya ce ka ga, sojan ruwa ma wani lokacin suna da amfani. Shi ma ya yi ta bugawa da zobensa." Ya haɗiyi yawu. "Sai wani abu ya fara fito a sama, ruwa ya taso. Nan da nan ya shanye gadon. Hannu biyu gare ni, ɗaya na kan sarƙa. In na ɗago wannan, wancan ya nutse."

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Mene ne ya yi fiton nan?"

Laftanar ya dubi bango. Ni na dubi takalmina. Oga Bascom ya yi gyaran murya.

"Ƙusa ce ta fita, Kofur. Jirgi ne, ya sha duka."

"Ba ƙusa ba ce," in ji Virgil.

"Sizemore, rufe mini baki."

"Ba ƙusa ba ce. Ni na huda. Na ɗauka iska nake kai muku."

Lucero ya zuba masa ido. Na ɗauka zai tofa masa yawu, ko ya yunƙura ya shaƙe shi, kuma da ya yi babu wanda zai ga laifinsa. Amma tambaya ya yi.

"Wa ke ƙwanƙwasa mini tun jiya?"

"Ni ne."

"Duk kai ne?"

"Ni ne."

"Sau biyu na yi niyyar sakin sarƙar," in ji Lucero. "Sai in ji an buga."

Bai ce ya yafe ba, bai kuma zage shi ba. Aka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya aka hau da shi, ya juya fuskarsa ga bango.

Oga ya ce a rufe wurin da tamfol, za a nemo masu nutso daga wani jirgin su fito da gawarwakin in an sami sarari. Yana cikin magana na ga Virgil ya zauna a bakin ramin yana kwance igiyar takalmi. Ya fizge takalman da ƙarfi.

"Ina za ka?" in ji Oga. "Ko iyo ba ka iya ba."

"Akwai sarƙa."

"Na ce za a kawo masu nutso. Ba ka ji ba ne?"

Virgil ya zura ƙafafunsa cikin baƙin ruwan. Daga inda nake tsaye ina jin haƙoransa na haɗuwa. Oga ya buɗe baki zai yi tsawa, Laftanar ya dafa hannunsa, ya fasa. Virgil ya sulale har ruwa ya kai masa ƙirji, ya laluba ya kama sarƙar, sannan ya ɗago kai ya miƙo mini ɗaya hannun.

"Ba ni fitila, Toledo."